Ƙwan Zabin Kakata

Jiya na dawo daga ajin yaƙi da jahilci na tarar kazata ta fara kwanci, sai na tuna kakata ta Tsarnawa. Wata damina na sa wa kazarta ƙwan zabi goma. Mako uku ya wuce ba su ƙyanƙyashe ba. Raina ya ɓaci, na ɗauko ƙwarya zan zubar da su.

Kakata ta ce, "Kai mijin banza, zabo sai mako huɗu. Kawo ruwan ɗumi."

Ta tsoma ɗaya a hankali, sai ga shi yana motsi da kansa. Muka bar wa kazar ƙwanta, bayan mako guda 'yan zabi tara suka fito.

Yau ni maƙwabta ke kira in gwada musu ƙwai, kuma hannunta nake bi. Allah ya haskaka kabarinta.