Ranar da Muka Sa Malam Zulkiflu a Gaba

A yammacin Lahadi, 16 ga Fabrairun 2025, ana tsakiyar watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Malam Zulkiflu Abdulwahidu Roni a wani asibiti a nan Kuala Lumpur. Daga gare Shi muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ya bar mahaifiyarsa, Iya, a Roni, da matarsa Raudatu da 'ya'ya biyu, Khaulah da Al-Amin, a gidansu na Taman Melati. Washegari bayan azahar aka yi masa sutura, aka binne shi a ƙasar da ya zo neman ilimi.

Ni na rubuta sanarwar da aka watsa wa 'yan Najeriya ta waya. Na ce ya rasu "bayan gajeruwar rashin lafiya". Babu ƙarya a ciki. Amma na yi aikin jarida kafin in zo karatu, na san yadda ake haɗa maganar da ba ƙarya ba ce, ba ta kuma faɗi komai ba. Malam, ka cancanci fiye da wannan, shi ya sa na sake ɗaukar alƙalami.

A shekarata ta farko na san ka. Lokacin ina zaune a wani ɗaki a Wangsa Maju, daga ɗaki sai laburare, daga laburare sai ɗaki. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muka haɗu a shagon mamak, irin wuraren shan shayi da cin abinci na nan, ka dube ni daga sama har ƙasa ka ce, "Malam Abdurrahim, wannan tumbin da shi ka zo, ko a nan ka samo shi?" Kafin in sami amsa ka ce ranar Asabar in zo da takalmin da ba na so. Na zo. Ranar na fara sanin cewa a bayan dogayen benayen da muke ciki akwai duwatsu da daji da ƙoramu, kuma mutum zai iya barin tashar jirgin ƙasa ta Taman Melati da hantsi, kafin rana ta take ya sami kansa inda ba ya jin komai sai kukan birai.

Hanyar da muke bi ba wata hukuma ce ta shata ta ba. Kai ka haɗa ta da kanka, kana tambayar masu hawan dutse na gari da manoman duriyan, wani ɗan itace mai ƙaya na ƙasar nan, kana ɗinke guntayen hanyoyi wuri ɗaya: daga tuddan bayan unguwarku, ta Kemensah, ta ƙauyukan Hulu Langat, da nufin wata rana mu ɓulla Janda Baik. Ka yanka ta zango-zango. Duk ƙarshen makon da karatu ya sarara, sai mu koma inda muka tsaya mu ɗora. Ka sa mana suna ayari, domin kakanka bafatake ne da ya sha zuwa Gwanja sayo goro, kuma daga gare shi ka ji cewa a ayarin fatake jagaba ne ke gaba, madugu kuwa a baya yake tafiya, inda zai ga wanda ya gaji da wanda kayansa suka karkace.

A baya kake tafiya kullum. Da farko na ɗauka rashin ƙarfi ne. Sai a zangona na biyu, da numfashina ya ƙare a tsakiyar wani hawa, ina jin kunyar in ce a tsaya, na ji muryarka daga baya kana cewa, "Jama'a, ku ɗan dakata, ina son hoton bishiyar nan." Bishiyar ba ta da wani abin kallo. Ka zagaya ta, ka durƙusa, ka ɗauka ta nan, ka ɗauka ta can, har sai da na daina haki. Daga baya na lura duk lokacin da wani ya fara jan ƙafa, sai wata bishiya ta burge ka. Ba ka taɓa nuna wanda aka tsaya dominsa ba.

Jakarka ta fi ta kowa nauyi. Akwai gishiri na cire matsattsaku, da bandeji, da dabino, da ledar shimfiɗa ta salla, da ƙarin ruwa na wanda ya zo da gora ɗaya yana cewa ta ishe shi. Sau da yawa ka shirya gajerun tafiye-tafiye don mata da yara, ka zaɓi inda ba igiya ba gangare mai santsi. Ina tuna Khaulah a kan wani ɗan tudu, kana tambayarta da Hausa ko za ta iya, tana ba ka amsa da yaren ƙasar nan, "Boleh, Abba", wato za ta iya, kai kuma kana cewa in an koma Roni Iya za ta gyara mata baki.

A makon da ka rasu ka kare kundin digirinka na uku, aka ce ka ci. Bayan Salla za ku koma gida. Zango biyu suka rage mana, muka ce bari mu ci ɗaya kafin azumi ya kama. Ranar Lahadin nan muka taru da safe a bakin wani ƙauye a Hulu Langat, inda kwalta ta ƙare aka shiga gonakin roba. An yi ruwa da dare, jar laka ta jiƙe, iska ba ta motsi.

Ubaidullah, wanda ya fi kowa barkwanci a cikinmu, shi ya fara. Ya ce, "Yau kam Dakta ne a gaba. Ina aka taɓa ganin Dakta yana bin bayan ɗalibai?"

Ka yi dariya ka ce, "Ku bar ni a wurina, na fi sabawa da shi."

Na ce, "Haba Malam, ko sau ɗaya dai ka bari mu girmama ka."

Ka ce, "Yau a hankali nake son tafiya, Abdurrahim."

Wani daga baya ya ce, "To ai shi ke nan, kai ne a gaba, kai za ka yanka mana saurin."

Ubaidullah ya zare jakar daga kafaɗarka, yana cewa babba ba ya ɗaukar kaya ga ƙannensa tsaye. Ka dube mu, ka yi murmushi, ka wuce gaba. Muka tafa maka.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san yadda ake yi. A miƙo maka abinci ka ce ka ƙoshi, a sake ka ce wallahi ka ci, a matsa sannan ka sa hannu. A ba ka kujerar gaba ka ƙi, a nace ka zauna. Wanda ya karɓi ƙin farko ya janye hannunsa, shi ake ce wa marowaci. Da wannan kunnen muka saurare ka. Mun ji ka ƙi sau biyu, muka ɗauka kara ce, muka yi abin da aka koya mana.

Abin da ba mu tuna ba, kai da kanka ka sha faɗa mana shi: na gaba ba shi ke da sauri a hannunsa ba. Yana jin takun na bayansa da numfashinsu a ƙeyarsa, sai ya ƙara ɗaga ƙafa ba tare da ya sani ba. Mu kuwa ranar cike muke da murna, muna hira, muna tsokanar juna, muna hawa kamar ana korarmu. Ruwanka yana cikin jakar da ke bayan Ubaidullah. In za ka sha, sai ka tsayar da ayari gaba ɗaya ka nema, kai kuma ba za ka tsayar da mutane don kanka ba. Babu wanda ya koma wurinka na baya. Babu wanda ya ga bishiyar da ta cancanci hoto.

Ni ne na biyu a layi. Tun daga gonakin roba har inda aka ɗaura igiya a jikin gangare, abin da nake gani shi ne bayan rigarka. Ta jiƙe sharkaf, amma ta kowa ta jiƙe. Ka daina magana, na ce hawan ne. Sau ɗaya ka tsaya ka dafa wani kututture, na ce, "Malam, ina gajiya?" Ka ce, "Ba gajiya," ba ka juyo ba. Na karɓa kamar yadda ake karɓar gaisuwa a bakin hanya.

A kan doron tudun, inda ake hango kwarin da muka baro, ka zauna a kan saiwar wata bishiya ka jingina. Sai a lokacin na zagayo na ga fuskarka, karo na farko tun safe. Ta yi fari kamar toka, leɓunanka sun canza launi, hannunka na dama yana dafe da ƙirjinka. Ka ɗaga ido ka ce, "Kowa ya iso?" Na ce kowa ya iso. Ban duba ba.

Babu sabis a wurin. Zahraddeen, wanda ya fi mu ƙafa, ya gangara da gudu neman inda waya za ta shiga. Wasu 'yan ƙasar masu hawan dutse suka riske mu, suka kwance shimfiɗar da suke ratayawa su huta, muka sa ka a ciki, muka riƙa sauko da kai ana karɓa-karɓa, laka na kwashe mana ƙafa. Jami'an ceto suka tare mu a rabin hanya. A cikin mota kana ta maimaita kalmar shahada, har muryar ta koma motsin leɓe. Likita ya ce zuciya ce. Na tambaye shi ko da an lura da wuri da an tsira da kai. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba.

Ban ce mu muka kashe ka ba. Ajali ba ya hannun kowa, kuma da kwananka ya ƙare, ko a kan gadonka kake zai same ka. Abin da nake cewa ƙarami ne a kan wannan: ka faɗa mana abin da kake buƙata da bakinka, ba mu ji ba, saboda mun shagala da girmama ka.

A zaman makoki sai yabonmu ake yi. Duk wanda ya shigo sai ya riƙe hannunmu ya ce Allah Ya saka, kun yi ƙoƙari, kun ɗauko shi a kafaɗa daga kan dutse. Raudatu ma ta aiko a kira mu bakin ƙofa. Daga ciki ta yi mana godiya, sannan ta ce, "Na san yana da hawan jini, amma hankalina kwance yake in ya fita da ku. Ai shi a baya yake tafiya, a hankali, ba mai kora shi." Muka sunkuyar da kai. Muka ce Allah Ya ji ƙansa. Muka sauko daga benen ba wanda ya kalli wani.

Bayan 'yan kwanaki ta aiko da saƙo ta hannun matar Ubaidullah. Tana son hotonka na ranar, na ƙarshe, ta ajiye wa yara, ta kuma tura wa Iya. Muka zauna a shagon mamak ɗin nan, shayi na hucewa a gabanmu, kowa ya fito da wayarsa. Hotuna sun yi yawa, domin ranar biki ce a wurinmu. A cikinsu duka babu inda fuskarka ta fito. Bayanka ne kawai, a gaban layi, kana hawa. Ubaidullah ya ce ko mu tura wani tsohon hoto daga zangon baya, ai rigar iri ɗaya ce. Shi da kansa bai ƙarasa maganar ba ya kifa wayar.

Ni da shi muka koma Taman Melati. Raudatu tana cikin takaba, ta zauna a bayan labule, mu muna kan tabarma a falo. Na ce, "Maman Khaulah, akwai abin da ba mu faɗa miki ba." Na ba ta labarin kamar yadda na rubuta shi a nan, ban rage ba. Ubaidullah ya faɗi nasa na jakar.

Muna jin Al-Amin a ɗaki yana wasa da mota.

Sannan ta ce, "Ya yi muku musu?"

Na ce, "Ya yi. Sau biyu."

Ta ce, "To da gaske yake. Abban Khaulah bai iya na uku ba. Ko a gida haka yake, in ya faɗa sau biyu ba a ji ba, sai ya yi abin da ake so."

Ubaidullah ya fara neman gafara, ta katse shi. Ta ce abin da yake nata ta yafe, don ta san ba da mugun nufi muka yi ba, amma Iya ita ta haife ka, ba za ta ɗauki wannan labarin ta kai mata a madadinmu ba, mu kira ta da kanmu. Muka ce to. Mun kira. Abin da Iya ta faɗa mana nata ne, ba zan sa shi a takarda ba.

Da muka miƙe za mu tafi, na ce mata game da hoton, za mu nemo mai kyau daga na baya. Ta ce a'a.

Ta ce, "Ku turo na ranar. Na san bayansa."

Malam, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Duk tsayawar da ka yi don wani ya huta ba tare da ya ji kunya ba, Allah Ya sa ka same ta a mizani. Ya Allah, bawanKa ya rasu nesa da gida yana neman ilimi, Ka karɓe shi da rahamarKa, Ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya da 'yan'uwansa a Roni, da Raudatu, da Khaulah da Al-Amin. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya yaran bisa tarbiyyar mahaifinsu, Ya mai da su gida lafiya. Mu kuma da muka bi bayansa ranar, Allah Ya yafe mana, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Abdurrahim
Wangsa Maju, Kuala Lumpur