Saukarmu a Arras

Ƙanwata ta zo duniya da wahala, ƙwaƙwalwarta ta taɓu wajen haihuwa. Ƙafafunta suka ƙage, harshenta ya yi nauyi. Wayo kam ta fi mu duka, amma kafin kalma ɗaya ta fito sai ta yi kokawa da ita, wuya a sanƙare, yawu na zuba. A gidanmu na Bromakoté, cikin Adjamé, ba mai barinta ta sha wannan wahala. Ta kalli firij, an miƙo ruwa. Ta ɓata fuska, an canza tasha.

Makaranta take so, har kuka take yi in ta ga mun sa kayan makaranta. Baba ya ce, "Auta, ranar da bare ya gane maganarki, da kaina zan kai ki lakwal." Tsoronsa kada ta ji ƙishirwa a aji ba wanda ya fahimta.

Ni aka ɗora wa kai ta Treichville duk Laraba, wajen wata mata mai koyar da yara irinta magana. Daga Adjamé bas, daga nan kuma woro-woro, taksin haɗakan nan da ake cusa mu kamar kifin gwangwani, har Arras, unguwar matar. Matar ta sa ta hura kyandir, ta sa ta ja numfashi, sannan ta juyo kaina da faɗa. "Ku ne kuka hana ta magana. Ku daina ara mata baki."

A woro-woro ba ƙararrawa. In ka iso wurinka kai za ka ce wa direba "ça descend", wato akwai mai sauka. Ƙanwata ta kafe ita za ta riƙa faɗa. Na yarda, na kuma yi nadama, domin kafin ta haɗa kalmomin biyu mun wuce gidan matar, mun wuce masu walda. Direba yana ɗauka kuka take yi, fasinjoji suna ce mini, "Ke, ki faɗa a madadinta mana, yarinya tana wahala." Sai in cije leɓe har ta gaji ta taɓa ni, sannan in faɗa wa direba. Mu sauka, in goya ta mu dawo baya cikin rana, ina mita tana jan kunnena. Wallahi ina kewar wannan tafiyar, har da warin man mota da ƙamshin alloko, soyayyar agadar nan, a bakin titi.

Sai ta ɓullo da dabara. Tun daga kantin magani, nesa da inda za mu sauka, take fara magana, don ta gama daidai ƙofa. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce.

Wata Laraba ta ja numfashi a kantin magani kamar kullum, ta buɗe baki, kalmomin suka fito a jere. Direba bai ko waiwayo ba ya taka birki. Ya miƙo hannu baya don kuɗinsa, yana cewa da Faransanci, "To ku sauka mana, ƙaramar ta ce a tsaya."

Muka tsinci kanmu a bakin titi, saura tafiya mai tsawo. Ina durƙusawa in goya ta hawaye suka zubo mini. Ita kuwa dariya take har tana shaƙewa. Ta kama wuyana, ta yi kokawarta a hankali, na jira.

"Yaya," ta ce, "ki… gaya… wa… Baba."