Oga Bulus da Kwamfutocinsa Marasa Suna

Oga Bulus ya rasu.

Yau da safe ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi makaranta, matarsa Mama Rahila ta kira ni. Na daɗe a zaune bakin gado na kasa ɗaura ɗaya ƙafar.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai ɗan shagon nan kusa da tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, mai haɗa kwamfuta da hannunsa. Akwati daga Jos, fanka daga Legas, sauran kayan ciki daga duk inda ya samu mai kyau. Ni kuwa malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare ta al'umma kusa da Godogodo.

Shekara goma sha biyu muna gardama ɗaya da mutumin nan, kuma ba mu gaji ba.

Ni mai karance-karance ne a waya. Sai in je shagonsa in nuna masa cewa manyan kamfanoni ƙalilan ne suka riƙe kasuwar kwamfuta a duniya, aikin haɗi irin nasa ya kusa mutuwa. Ko ɗago kai ba ya yi daga abin da yake kuncewa.

"Malam, su suna ƙirga wanda ya fita daga kamfani. Wanda na haɗa jiya, wa ya ƙirga shi?"

In ce masa ai Kafanchan ba ita ce duniya ba.

"Kowane gari akwai Bulus nasa. Je ka tambaya."

Taurin kai ne da shi kamar me. Amma ban taɓa barin shagon nan ban sha kunu ba, ko da mun rabu ina huci.

Yana da wata al'ada. Duk kwamfutar da ya haɗa, sai ya rubuta a cikin murfinta abin da ya sa mata ɗaya bayan ɗaya, da ranar da ya gama. Ya ce don ko ba ya nan, wanda zai gyara kada ya cuci mai ita. Na sha yi masa dariya, ina cewa wa zai karanta wasiƙa a cikin akwati.

Ga abin da ya sa nake alfahari da shi.

Da iyayen yara suka yanke shawarar a buɗe ɗakin kwamfuta a makarantarmu, kwamiti ya so a sayo guda biyar sababbi na kamfani. Yara sittin a aji, kwamfuta biyar! Duk da gardamar da nake yi da shi, ni na tashi na ce a ba Oga Bulus, zai haɗa mana goma sha takwas da kuɗin nan. Shugaban kwamiti ya nuna ni da yatsa ya ce in abin ya lalace, ni zan amsa.

Ya haɗa, suka yi aiki. Yaran da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba suka fara buga sunayensu.

Sai ranar da sufeton makarantu ya zo dubawa. In bai amince da ɗakin ba, 'yan ajin ƙarshe ba za su rubuta jarrabawar kwamfuta ba a shekarar. A fom ɗinsa akwai wurin da ake rubuta sunan kamfanin da ya ƙera. Ya zagaya, ya duba gaba, ya duba baya, ba suna a jikin ko ɗaya. Ya ce shi abin da ba shi da suna ba zai iya rubuta shi ba, sai dai ya sa babu.

Kwamfuta goma sha takwas suna kunne a gabansa, yana shirin rubuta babu!

Na roƙe shi ya jira, na fita na kira Oga Bulus. Ya rufe shago ya hau babur, ya iso da sukudireba a aljihun riga.

Bai yi faɗa ba. Ya gaida sufeto da ladabi, ya buɗe ta farko, ya miƙa masa murfin. Ya buɗe ta biyu. Ya buɗe ta uku. Sufeto yana karantawa yana leƙa ciki, komai yadda aka rubuta.

A ta bakwai ya ce ya isa haka. Ya ɗauki biro ya ce, "To, wane suna zan sa?"

Oga Bulus ya ce, "Ranka ya daɗe, rubuta Kafanchan."

Haka ya rubuta. Yaranmu suka yi jarrabawa. Ɗaya daga cikinsu, Godiya, yanzu ita ke koyar da kwamfuta a Kagoro.

Ganina da shi na ƙarshe mako biyu ke nan, bayan sujada a coci. Ya rame, yana tafiya a hankali, amma da ya hango ni sai ya yi murmushi.

"Malam, har yanzu mun mutu ne a wayarka?"

Na ce masa tukuna, amma kun kusa. Ya yi dariya har da tari. Na ce zan leƙo shago mu ƙarasa, ban je ba.

Wannan ne ke damuna yau. Tun ranar sufeton nan na san gaskiyar Oga Bulus ce, amma girman kai bai bar ni na faɗa masa ba, don kada gardamar ta ƙare in rasa dalilin zuwa shagon.

Oga Bulus, ka yi gaskiya. Na faɗa a gaban kowa.

Ubangiji Yesu ya karɓe ka cikin hutunsa, ya ta'azantar da Mama Rahila da yara, ya ba su ƙarfi. 'Yan'uwa, duk wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya tsaya minti ɗaya ya sa iyalin nan cikin addu'a. Amin.