Ƙullin da Yaya Shu'aibu ba ya matsewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Dokta Shu'aibu, amma har gobe idan na bi ta layin mahauta a kasuwar Lafiya sai wani dattijo a cikinsu ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ƙanwan Likita, hanta yana nan, jijiyan shi duka ban yanke ba!"

Yaya ya je ƙasar waje ya koyo dashen hanta, ya dawo garin da ba kayan aikin. Sai ya ƙare rayuwarsa yana tiyatar ƙaba da ta masu naƙuda, Allah ya sani ya yi ta da zuciya ɗaya. Amma duk Asabar sai ya sayo hantar akuya da jijiyoyinta, ya baje a faranti, ya yanke su ya sake haɗawa da zare siriri kamar gashi, wai kada hannunsa ya manta. Matarsa ta sha yin mita, domin mun sha tsintar zare a miya. Ni kuwa tsiya nake masa, ina kiransa telan akuya.

Bai taɓa jin haushi ba, sai dai ya jawo ni in gani. Ga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, ga wadda ke kawo shi daga hanji, ga kuma 'yar siririya kamar tsinken tsintsiya wadda idan ta toshe aiki ya lalace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙullinsa. Idan ya gama zagaye jijiyar da ta fito daga hanjin da ɗinki, sai ya ɗaure zaren nesa kaɗan, sako-sako. Na ce masa wannan ai ganda ce. Ya ce, "Binta, yanzu a motse take. Idan jini ya shigo za ta buɗe. In kika matse, kin shaƙe ta."

Bara ciwon hanta ya kwantar da ɗana Nura, likitoci suka ce sai dashe, aka gwada aka ga tawa ta dace. Dangin mijina suka zo daga Doma suka cika falo, suna cewa ba a raba hanta biyu mutum ya tashi, za a yi asarar uwa da ɗa. Ban ga laifinsu ba, ni ma hantar cikina ta kaɗa. Amma na taɓa ganin abin a faranti, na san aikin hannu ne da ake koya, ba tsafi ba. Na ce a tafi Indiya.

Da na farfaɗo bayan tiyata aka tura ni a keken marasa lafiya zuwa wurin Nura. Likitan ya ɗora na'ura a cikinsa, muka ji jini yana wucewa fuu, fuu, ta cikin hantata da ta zama tasa. Na tambaye shi ko ya bar ƙullin sako-sako. Ya dube ni da mamaki, ya yi dariya ya ce ya bari, wa ya gaya mini? Na ce yayana, likita ne a Lafiya. Ban taɓa faɗin wata magana da alfahari irin wannan ba.

Yaya bai yi wa kowa dashe ba har ya koma ga Allah, na kuma san abin ya ci masa rai, ko da bai faɗa ba. Da yana nan yau, da ya fara duba tabon cikina ya kushe ɗinkin, sannan ya koma gefe ya share hawaye.

Watan jiya Nura ya ce zai koma gonarsa a Adogi, likita ya yarda. Na riƙe makullin babur ɗinsa na ce ba inda za shi, na sha wuya a kansa. Ya ce, "Mama, kin ba ni hanta, yanzu kuma numfashi za ki hana ni?"

Na daɗe ina jujjuya makullin a hannuna, sannan na miƙa masa. Allah ya jiƙanka, telan akuya. Ban matse ba.