Kifin Bandar da Ya Kusa Fitar da Norbert Daga Gidansa

Norbert Vanhille ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure jiragen ruwa a tashar Dunkerque. In jirgi ya iso shi ne a gaɓa, a jefo masa igiya mai kaurin cinya, ya ja ya sarƙafe ta a turken ƙarfe. Aikin ya bar masa tafin hannu kamar faifai da kafaɗar da ba ta ɗaguwa sosai. Da ya yi ritaya sai ya ci gaba da zama a gidan da aka haife shi, siririn bene na jan bulo a unguwar Rosendaël, shi da 'yarsa Ludivine, tun bayan rasuwar matarsa.

Sau ɗaya ya taɓa tsayawa gaban alƙali, kuma a kan kifi ne. Ranar bikin karnaval da ake jefo kifin banda daga barandar gidan magajin gari, Norbert yana cikin turmutsitsin, sanye da tsohuwar rigar gashi ta matarsa da hula mai furanni, kamar kowace shekara. Kifi ya taho ya cafe, sai Yvon Debaecke, mai gyaran keke na bayan layinsu, ya fizge. Giya ta riga ta yi aikinta. Naushi ɗaya Norbert ya kai, muƙamuƙin Yvon ya karye. Kotu ta yanke masa ɗaurin wata huɗu na je-ka-gyara-halinka, ya biya diyya ya koma gida. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Bayan shekara biyu masana'antar da Ludivine ke aiki ta rage ma'aikata, ta yanke shawarar renon yara a gida. Sana'ar sai da lasisi, kuma kafin a bayar ana duba tarihin laifin duk baligin da ke kwana a gidan.

"Papa, maganar Yvon fa?"

"Wace magana? Ta wuce."

Norbert ya aika aka turo masa takardar tarihin laifinsa, ta zo babu komai a kanta sai layi ɗaya da aka ja a karkace. Ya manna ta a jikin firji.

"Ga ta nan fes. Ko fadan cocinmu bai kai ni tsabta ba."

Kuskuren da mutane da yawa ke yi ke nan. Kundin tarihin laifi shafi uku ne. Na uku shi ake ba mutum a hannunsa, kuma manyan hukunce-hukunce kaɗai ke fitowa a kansa. Na biyu hukumomi ke gani, na ɗaya kuwa na alƙalai ne. Naushin Norbert yana kwance a shafi na biyu, aka hana Ludivine lasisi. An gaya mata hanya biyu ce: ta jira shekara biyar ta cika hukuncin ya fita daga shafin da kansa, ko mahaifinta ya bar gidan.

Da yamma Norbert ya sauko da akwati ya ajiye a bakin ƙofa.

"Ba inda za ka," in ji Ludivine.

"Ban ce yau ba. Zan nemi a rufe abin. In na kasa, na koma wurin gwaggonki a Gravelines."

"Gwaggon da ba kwa gama shan kofi ba ku yi faɗa ba?"

"Shi ya sa ba zan kasa ba."

Ya je ofishin da ake ba da shawarar shari'a kyauta. Matar da ta saurare shi ta ce kotun da ta yanke masa hukunci tana da ikon cire shi daga shafi na biyu, amma ba kowa ake yi wa ba. Wanda ya yi fyaɗe ko lalata da yara, ƙofa a rufe take. Irinsa kuwa sai ya nuna ya sauke duk abin da aka ɗora masa, yana da dalili na gaske, kuma halinsa ya sake. In aka ƙi, sai bayan wata shida zai iya sake nema. Ta ƙara da cewa in wanda ya daka zai faɗi alheri a kansa, hakan zai taimaka.

Norbert ya bar giya. Ya je likita ya ɗebi jininsa don a sami shaida. Ya tara takardun aiki da na diyya, da takardar da aka hana Ludivine lasisi. Duk wannan bai yi masa wuya ba. Shagon Yvon ne ya yi ta wucewa ta gabansa har mako ya zagayo kafin ya tura ƙofar.

Yvon bai ɗago daga kan tayar da yake liƙewa ba. "Ka zo ka daidaita min ɗaya ɓangaren muƙamuƙin ne?"

"Haƙuri na zo ba ka."

"Shekara biyu kana neman kalmar? Wata guda na yi ina zuƙar miya da tsinken roba."

"Kifin dai nawa ne, Yvon."

"Au, haƙurin ke nan?"

Norbert ya cire hularsa. "Nawa ne, amma bai kai muƙamuƙin mutum ba. Na yi laifi." Sannan ya ba shi labarin lasisin da akwatin da ke bakin ƙofa.

Yvon ya jima yana murza tayar. "Ni na koya wa yarinyar nan hawan keke, kai kana can kana jan igiya. Zan rubuta, amma ba don kai ba, ƙaton banza. Riƙe min nan."

Watanni suka shuɗe kafin a kira shi. Ludivine tana sharar ofisoshi kafin abin ya warware, akwati yana nan inda yake, har ana rataya masa laima. Karnaval ya zo ya wuce, Norbert bai leƙa ba.

A wani ƙaramin ɗaki aka yi zaman, ƙofa a rufe. Mai shari'ar ta karanta abin da Yvon ya rubuta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Mesiye Vanhille, bikin nan kowace shekara yake dawowa. In wani ya sake fizge maka kifi fa?"

"Madam, ba zai same ni a wurin ba. Tun ina yaro ban taɓa fashi ba sai bana. Daga kicin na ji kiɗan, ina feraye dankali."

"Da wuya?"

"Da wuya ƙwarai. Amma barin gidan ya fi."

Mai gabatar da ƙara bai ja ba. Mai shari'ar ta amince, ta kuma tuna wa Norbert cewa hukuncin yana nan a shafi na ɗaya, duk alƙalin da ya sake tsayawa gabansa zai gani. Norbert ya ce ya ji, kuma daidai ne.

Bai taɓa akwatin ba sai ranar da lasisin Ludivine ya iso. Ya mayar da kayansa sama, ya sauko ya kafa ƙyauren katako a bakin matakala, ya ɗaure ragar igiya a jikin baranda da irin ƙullin da ya saba riƙe jirgi da shi. Yara uku ake kawowa yanzu, suna kiransa Pépé, wato Kaka, suna lilo a hannunsa mai lafiya.

Da karnaval ya sake zagayowa, washegarin jifan kifi aka ƙwanƙwasa ƙofa da rana tsaka. Yvon ne, da hular furanni a karkace, muryarsa a dishe. Ya miƙo kifin banda a cikin leda.

"Wannan da hannuna na cafe. Kar ka ce naka ne."

Norbert ya karɓa ya matsa gefe. "Shigo, amma ka rage murya. Yara na barci."