Buhun Tattasan da Na Mayar

Matso kusa ka ji, don maganar nan ta daɗe tana cina, mutanen gidanmu kuma sun gaji da jinta.

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aure ya kawo ni daga Damagaram zuwa Diffa, inda maigidana yake da kanti a bakin kasuwa, iyakata tsakar gida, sai biki da ta'aziyya da ranar kasuwa. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba aka cire ni. Amma kunne kam Allah ya ba ni. In mutum ya yi magana a gabana, sai in maimaita maka ita har da tarin da ya yi a tsakiya.

Autanmu shi ya yi karatu. Da ya gama ya samu aiki a wani banki, aka turo shi Diffa, muka ba shi ɗakin zaure. Aikinsa duba takardun manoma masu neman bashin injin ban ruwa. A shekarun nan kowa a bakin kogin Komadugu ya gaji da jan ruwa da jigo, kowa inji yake so, don tattasai ya fara daraja. Shi kuwa auta jikinsa ne kawai a Diffa. Zuciyarsa tana Yamai, babban biro, wato ofis, da bene, mota da direba. Ban ga laifinsa ba. Wa ya ƙi ɗan'uwansa ya hau?

Yana da wani buri kuma, na rubuta littafi. Ran Lahadi bayan azahar sai ya jawo tabarma kusa da inda nake tsince shinkafa, ya ce, "Yaya, ke ce mai kunne, saurara ki gyara mini." Labarin wani saurayi ne ma'aikacin banki a babban birni, mai son ya zama darakta, manyansa suna ta ja masa hannu ya ci haram, shi yana ƙi. Nakan tsayar da shi in ce, "Auta, tsohuwa ba ta magana haka, wannan bakin mushen lakwal ne, irin malaman boko." Sai ya yi dariya ya goge. Na so yaron littafin nan kamar ni na goya shi. Duk wanda ya miƙo masa wani abu sai ya miƙe tsaye ya ce, "Haƙƙinka ne, ba sai ka saya ba." In auta ya zo wurin sai in tsayar da tsintar in saurara.

To ga abin da yake faruwa a ƙofar gidana. Manomin kwari ba ya kai kyauta biro, wannan rashin kunya ne. Sai ya bari mai aikin ya fita, ya zo gida ya yi sallama, ya jingine buhun tattasai a zaure ya ce, "Na miya ne." In ba shi ruwa, in tambayi iyali, in ba da ɗan tukuici, ya tafi. Ba mai ambaton takarda. Da yamma auta ya dawo, ya raɓa buhun kamar bai gan shi ba, amma sai ya tambaye ni wa ya zo. Wani buhun mu ci, wani ya sa a kai gidan daraktansu. Ɗakin ajiyata har yaji yake sa mutum atishawa.

Wata Lahadi na kasa haƙuri. Na ce, "Wai yaron littafin nan naka ba shi da yaya ne?"

Ya ce, "Me ya kawo yaya?"

Na ce, "Wadda za ta riƙa karɓar masa buhu, shi yana can yana wa'azi."

Ya ɓata rai. Ya ce shi bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Na ce gaskiya ne, sai dai a miya. Ya ce, "Yaya, ba ki gane ba. Wannan al'ada ce. Kuma in ban kula da darakta ba, wa zai ambaci sunana a Yamai? In na hau sama zan gyara." Na ce to ya sa buhun a littafin mana, tun da ba abin kunya ba ne. Ya ce littafi ba yadda duniya take yake nunawa ba, yadda ya kamata ta zama ne. Ya ci gaba da karatunsa, ni na ci gaba da tsintar shinkafa, raina yana tafasa.

A cikin makon wani dattijo ya yi sallama. Na san shi, mijin ƙawata ce, wata Babarbariya mai kawo bandar kifi kasuwa daga wajen Bosso. Mun shaƙu da ita, tana yi mini dariyar Barbarcina, ina yi mata dariyar Hausarta. Ruwan kogi bai zo da wuri ba a shekarar, kowa ya san gonaki sun sha wuya. Amma da ya kwance bakin buhun da ya kawo, tattasai ne ja wur, zaɓaɓɓe, wanda mutum yake ajiyewa don ranar buƙata. Na dubi buhun, na dubi takalminsa da aka ɗinke da zaren buhu. Maganar yaron littafi tana kunnena.

Na ce, "Baba, ka koma da shi. Haƙƙinka ne, ba sai ka saya ba."

Ya tsaya kamar bai ji Hausar ba. Ya ce, "Ƴata, na yi laifi ne?"

Na ce babu laifi, takardarsa za ta bi layi kamar ta kowa. Ya ce, "To. To." Ya ɗaure bakin buhun a hankali, ya ƙi in kama masa, ya ɗora a kai ya fita. Ruwan da na kawo masa ma bai sha ba. Ni kuwa na koma ciki ina jin kaina kamar na dawo daga Makka.

A wurin mutanen kwari, in aka mayar maka da kyauta an gama magana, an ce maka babu, kuma an ce kada ka sake zuwa. Dattijon bai sake taka bankin ba. Ya tafi wurin wani ɗan kasuwa, ya ba shi inji a kan amfanin gona, shi ya yanka farashin tattasan tun ba a dasa ba. Daga nan dattijo ya zama mai yi wa wani noma a gonarsa ta gado.

Ranar da auta ya ji, gidan nan bai zaunu ba. Ya ce takardar dattijon tana gab da fita, ya yi ta jiransa bai zo ba. Ya ce, "Kin tozarta tsoho a ƙofar gida! Wa ya aike ki?"

Na ce, "Yaronka ya aike ni. Ba kai kake karanta mini shi ba?"

Ya ce, "Littafi ne fa, Yaya! Littafi!"

Na ce ya je ƙauyen ya ba shi haƙuri, ya dawo da shi. Ya ce ma'aikacin banki ba ya bin manomi gida, za a ce yana da wani abu a ciki, kuma lokacin ake duba waɗanda za a ɗaga. Na aika wa ƙawata, ta ce ba komai. Ka san irin wannan ba komai ɗin.

Muka daina zaman Lahadi na wani lokaci. Sai rannan ya jawo tabarma, fuska a sake, ya ce ya rubuta babi mafi kyau. Ya fara. Wani dattijo ya kawo wa yaron buhun tattasai. Takalminsa ɗinke da zaren buhu. Ya ce, "Ɗana, na yi laifi ne?" Duk abin da na ba shi labari ina kuka, ya kwashe bai bar ko "To, to" ɗin ba. Sai dai a littafin dattijon ya fashe da kuka ya sa wa yaron albarka, ya samu injinsa, gonarsa ta yi kyau, labari ya kai kunnen manya, aka ɗaga yaron.

Na ce, "Ba haka aka yi ba."

Ya ce ai ƙagaggen labari ne.

Na ce, "Takalmin ba ƙagagge ba ne. Ka ɗauki rabi ka bar rabi. Rubuta inda ya tafi da buhun. Rubuta ɗan kasuwan. Rubuta cewa yaron ya ƙi zuwa ƙauye."

Ya ce in ya rubuta haka mutane za su ɗauka gaskiya ba ta da amfani, kuma ba mai sayen littafin da zai ɓata masa rai. Can ƙasa-ƙasa ya ƙara da cewa manyansa ma za su karanta. Ban gyara masa ko kalma ɗaya ba a ranar. Babu abin gyarawa, bakin kowa ya fito daidai.

Ya samu Yamai ɗinsa. Littafin ya fito, ya aiko mini da ɗaya, ƴata ta karanta mini shafin farko inda ya gode wa yayarsa mai kunne. An ce a wurin aikinsu har ba sababbin ma'aikata shi ake yi su karanta. Ƙawata kuwa ta ci gaba da zuwa kasuwa. In na tsaya a gabanta ta amsa gaisuwa, ta zuba mini kifi daidai kuɗina, babu gyara, babu tsokana, kamar baƙuwar da ta sauka daga mota.

Auta har yau cewa yake mai karatu ne ba ya son ɗaci. To kai da kake sayen irin littattafan nan, faɗa mini tsakaninka da Allah: da ya rubuta dattijon yana noma wa wani gonarsa, za ka karanta har ƙarshe, ko kai ma mai sa albarkar kake so?