Muryar Inna a Kamfanin Rediyo

Yayana Mati tun yana ƙarami ba ya ganin abu mai murfi ya ƙyale shi. Rediyon babanmu ma sai da ya buɗe cikinta, wai yana neman mutumin da ke magana. Ya sha kashi ranar, amma bai daddara ba. Daga lakwal ɗin Konni, wato makarantar boko, ya wuce Ikko, ya shiga wani babban kamfani mai haɗa rediyo da rakoda, har ya zama shef, da mutum arba'in a ƙarƙashinsa. Duk rakodar da aka gama haɗawa sai an gwada ta a gabansa kafin a sa ta kwali.

Innarmu ba ta iya rubutu ba, sai ta aika masa da kaset. Ni Zara na riƙe mata rakodar aro a gidanmu na Tsarnawa, tana ta jin kunyar akwatin kamar wadda ke gaban suruki. Abin da ta faɗa bai taka kara ya karya ba. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta ce ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, jar akuya ta haifi biyu. Zakara ya katse ta, ta yi tari, ta ce ya bar wanka da ruwan sanyi.

To, sai wannan bawan Allah ya ture kaset ɗin gwaji na kamfani, ya sa na Inna. Ya ce muryar da ka sani ce kaɗai za ta gaya maka ko na'ura tana ƙarya. Shekara huɗu, kowace rakoda da muryar Inna take fara buɗe baki. Yakan ce idan ya lumshe ido sai ya ga kwalaye suna tafiya cikin jirgi da mota, kowanne ya taɓa jin labarin geron Tsarnawa.

Shekarar da aka kori baƙi daga Najeriya ya dawo da jaka ɗaya, kaset a aljihu. Inna ta riga ta rasu da wata biyu. Ya kafa rumfar gyara kusa da tashar Konni, ya ci gaba da halinsa: duk rakodar da ya gyara, sai Inna ta yi magana a ciki. Na yi faɗa a kan ya kwafe kaset ɗin har na gaji. Mutumin da yake kwafar wa kowa kaset, nasa kullum sai gobe! Ina jin muryar tana nisa, kamar mai magana daga bayan darni, shi kuwa ya ce yana jin ta sarai. Ranar da ya tashi kwafa, ba abin da ya rage sai shuuu. Wallahi na yi kuka, kuma na yi wata guda ban kai masa fura ba.

Bai daina sa shi ba. Sai ya zauna da ƙarfen dalma a hannu, ya zuba wa hanyar Najeriya ido, yana sauraren shuuu ɗin nan. Mutane suka fara cewa Mati ya taɓu.

Wata ranar kasuwa na huce na kai masa fura, sai wani direban babbar mota ya tsaya da rakodarsa a hannu. Bayarabe ne, Mas'udu, ɗaya daga cikin arba'in ɗin nan. Suka rungume juna, suka yi ta Turancinsu na Ikko. Da Mati ya gama gyara ya sa kaset, Mas'udu ya ji shiru, ya tambaya, aka gaya masa.

Mutumin nan ba ya jin Hausa ko ta sayen ƙosai. Amma ya gyara tsayuwa, ya siranta murya, ya fara tun daga sallama. Gero ya kai gwiwa, jar akuya ta haifi biyu, har inda zakara ya yi cara ya dakata, ya yi tarin. Ni dai na aje ƙwarya ƙasa. Mati ya roƙe shi ya sake daga fari.

"Mati, ka ci abinci?" in ji Mas'udu.

Yayana ya sunkuyar da kai.

"Na ci, Inna."